Ɗaya Bisa Ashirin da Huɗu

Zuwa ga maigidana, Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya kuma ciwon idon nan da hasken walda ke sa maka? Ina fata kana sa gilashin a ido, ba ka rataye shi a wuya kamar ado ba. Mu nan lafiya lau, ni da 'yarmu Lauya, sai dai kewa.

Ka ga na fara da sunan da ka ce a daina kiran ka da shi. Ba mantawa na yi ba, da gangan ne. Biyu na haifa maka, kuma rasuwar ɗanmu Direba ba ta mayar da su ɗaya ba.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na ambaci ɗanmu sai ka ce inji na jiran ka. Takarda kuwa ba ta da maɓallin kashewa. Dogo abokin aikinka zai kawo maka ita idan hutunsa ya ƙare. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san aji shida na tsaya.

Yayarka ta zo ranar Asabar da saƙonka. Ta ce ka yanke shawara a ƙarshen wata za ta tafi da Lauya garinsu, a sa ta wata makaranta inda babu abin da zai tuna mata da ɗan'uwanta. Ta ce yarinyar ta samu taɓuwa, hujjarta kuwa biyu ce. Ta farko, in aka ba ta lemo ko ƙwai sai ta raba biyu ta ci rabi, ta ajiye rabi a kan taga. Ta biyu, tun da abin ya faru ba ta sake cin lissafi ba, ita da take ta ɗaya ko ta biyu a aji huɗu. Yaya ta buɗe min littafinta tana nuna min jan biro shafi bayan shafi, kamar ba a gidana littafin yake kwana ba.

Na ba ta ruwa, na saurare ta har ta gama, don ita babba ce. Sannan na gaya mata abin da zan gaya maka yanzu: Lauya ba ta zuwa ko'ina.

Yarinyar da tun a ciki take raba wuri da wani, katifa rabi, bargo rabi, har dukan da nake yi musu rabawa suke yi, ita ce kuke so hannunta ya manta da rabo cikin wata uku? Ni kaina har yanzu kofi uku nake saukowa da su da safe kafin in mayar da ɗaya. In wannan taɓuwa ce, to a zo a kwashe mu tare.

Ka ce in tattara kayan Direba in bayar, na bayar da riguna da takalma. Motar wayar nan da ya ƙera, mai tayoyin marfin gwangwani, ita ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba. Tana ƙarƙashin gado. Ka tuna yadda yake tura ta har ƙofar makaranta yana ƙugi da baki, yana ce wa tsofaffi su matsa birki ya tsinke? Ai daga nan sunan ya bi shi, kamar yadda gardama ta sa ka raɗa wa 'yar'uwarsa Lauya.

Maganar lissafi kuwa, na yarda akwai matsala. Sabon malaminsu, wanda ya karɓi ajin da malamarsu ta tafi hutun haihuwa, ya aiko cewa in ba ta ci jarrabawar ƙarshen zango ba za ta maimaita aji. Don haka na nemi mai gidan burodin da nake aiki ya mayar da ni aikin safe, in tashi da azahar. Duk yamma zan shimfiɗa tabarma mu zauna da ita da littafin. Abin da na manta za ta tuna min, abin da ya shige mata zan tono shi. Ka ba ni zuwa jarrabawa. Ban ce ina roƙo ba, sanar da kai nake yi.

Ka gaida Dogo da sauran abokan aiki. Ka riƙa cin abinci.

Matarka,
Maman 'yan biyu

*

Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata zafin wajen nan bai dame ka ba. Dogo ya ce ka rame. Ya ce kuma ka karanta takardata a tsaye, ka ninke ka sa a aljihu. Ba komai, tunda ba ka yaga ba.

Ina so ka zauna ka karanta wannan a zaune.

Mun fara karatu kamar yadda na ce. Darasin nasu na kashi-kashi ne, rabi, kwata, ɗaya bisa uku, irin wanda ake rubuta lamba a sama, a ja layi, a rubuta wata a ƙasa. Nakan zo da burodin da ya karkace a tanda wanda ba a sayarwa, in ɗauko wuƙa. Na yanka shi takwas na ce ta ba ni kwata, ta miƙo min yanka biyu. Na ce uku bisa huɗu, ta miƙo shida. Na so in ruɗe ta na ce wanne ya fi, biyu bisa huɗu ko huɗu bisa takwas, sai ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta, ta ce duk rabi ne, Mama, kuma yankanki bai daidaita ba, na gefe ya fi kauri. Wannan ce yarinyar da ake cewa kanta ya taɓu.

Sai na ce to me ya sa jan biro ya cika littafi? Ta juya min baya. Na duba da kaina. Tambayoyin da aka yi kan burodi da lemo da kujeru duk ta ci. Waɗanda take faɗuwa duk masu cewa "a ajinmu" ne. Kashi nawa ne na 'yan ajinmu ke zuwa a ƙafa, kashi nawa a keke. A kowacce lambar ƙasa ashirin da huɗu take rubutawa, malam ya soke ya sa ashirin da uku. Shafi na gaba ta sake sa ashirin da huɗu, ya sake sokewa. Haka suke ta yi, ita da shi, ba wanda ya gaji.

Na tashi na shiga kicin kamar ina da abu a wuta.

Washegari da na tashi daga aiki na wuce makarantar da garin fulawa a gyalena. Tun rasuwar ban taka ta ba. Yara sun fita hutun tara, ajin babu kowa sai malamin yana goge allo. Saurayi ne siriri, da alli har a gira. Na ce ni ce mahaifiyar Lauya, ya jawo min kujerar yara na zauna gwiwata na taɓa haɓata.

A bangon baya akwai wani babban kwali. Ashe a farkon shekara tsohuwar malamarsu ta sa kowane yaro ya zo da marfin kwalba, ta ja layuka huɗu a kwalin, ƙafa, keke, babur, mota. Kowa ya liƙa marfinsa da gam a layin abin da ke kawo shi makaranta. Da wannan kwalin suke koyon ƙidaya da kashi. Layin ƙafa marfi goma sha biyu, na keke shida, na babur biyar. Layin mota babu komai sai wani ɗan zagayen busasshen gam, inda aka ɓamɓare abu.

Ka gane ko? Ɗanka, da ƙafarsa duk ƙura, a layin mota ya liƙa nasa. Yara sun ce an yi ta gardama ran nan, ya rantse shi da mota yake zuwa, ga ta can a fake a ƙofa, malama ta yi dariya har da hawaye ta ce a bar shi. Shi kaɗai ne a layin.

Sabon malamin da ya zo ya ƙirga yara ya ga ashirin da uku, ya ƙirga marfi ya ga ashirin da huɗu. Ya tambaya wa ke zuwa a mota, ba wanda ya ɗaga hannu. Yara ne, tsoro ya hana su bayani. Sai ya sa farce ya cire marfin ya jefa a kwandon shara, don kwali ya dace da aji. An gaya masa wani yaro ya rasu kafin zuwansa, amma bai san marfinsa ba ne, bai ma san abokin tagwaicin Lauya ba ne, tunda ba ta taɓa buɗe baki ta faɗa ba. Da na gaya masa, sai da ya zauna a kan tebur.

Da na dawo gida na tambaye ta marfin. Ta buɗe jakar makaranta, ta zaro safa guda, ta zazzage shi a tafin hannuna. Ja ne, ya ɗan lotsa a gefe inda Direba ya ciza shi da haƙori. A shara ta tsince shi, kullum da shi take zuwa aji.

To ga ciwon 'yarka, na gano maka shi ba tare da an kai ta garin kowa ba. An cire ɗan'uwanta daga ƙidaya a gabanta, ita kuma ta ƙi sa hannu. Ka gaya min wa ta gado.

Ban gama da makarantar ba, zan koma. Allah ya tsare min kai.

Taka,
Maman 'yan biyu

*

Maigida, Baban 'yan biyu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ka tashi lafiya, ya gajiyar aiki? Saƙonka na baki ya iso ta wurin Yaya, cewa maganar tafiya tana nan, kuma wai in daina tone-tone ina ƙara wa yarinya ciwo. Na ji. Ga nawa labarin.

Na koma wurin malamin da Lauya a hannuna. Na ce masa tunda yanzu ya san dalili, ya daina soke mata ashirin da huɗu. Na zaci zai ce to. Bai ce ba. Ya ba ni haƙuri sosai, amma ya ce ba zai iya ba ta maki a kan amsar da ba haka take ba, don sauran yaran suna kallo, kuma in ya koya musu cewa lamba na canjawa saboda tausayi ya cuce su. Raina ya ɓaci, na ce ita ma ai ba ƙarya ta rubuta ba. Ya ce shi ma bai ce ta yi ƙarya ba. Muka tsaya cirko-cirko, shi da gaskiyarsa, ni da tawa, Lauya na tsakiya tana kallon ƙasa.

Ban san inda maganar ta fito min ba. Na nuna kwalin na ce, "Malam, ran da aka liƙa waɗannan, ɗana yana nan ko ba ya nan?"

Ya ce yana nan.

Na ce, "To ka rubuta hakan a sama."

Ya daɗe yana kallon kwalin. Sai ya ce kuskuren nasa ne tun farko, ƙidaya ba a gyara ta da farce, kowacce da ranarta, in abu ya canja sabuwa ake yi. Ya ɗauko babban biro ya rubuta "Zangon farko" a saman kwalin. Ya miƙo wa Lauya kwalbar gam. Ita ta mayar da marfin da hannunta, daidai kan tsohon zagayen, ta danna shi da babban yatsa ta ƙi ɗagawa har sai da na ce ai ya kama.

Sannan ya ce gobe za su yi sabon kwali na wannan zangon, na mutum ashirin da uku, kuma a kansa zai yi tambayoyin jarrabawa. Ya tambaye ta ko za ta yarda ta rubuta abin da ke kansa. Ka san 'yarka. Ta ce da sharaɗi. Yarinya 'yar shekara tara tana gindaya wa malami sharaɗi, ni kunya ta kama ni, shi kuwa ya ce ta faɗa. Ta ce a sabon ma sai an ja layin mota, ko da babu kowa a kai. Ya ce ai haka ma ya kamata, sifiri ma amsa ce, kuma ana rubuta ta.

Aikin gida na farko da ta kawo a kan sabon kwalin, a gabana ta yi shi. Masu zuwa a ƙafa, goma sha biyu bisa ashirin da uku. Ta ce dā rabi ne cif, yanzu lambar ta zama mummuna, ba ta rabuwa ta ko'ina. Na ce haka ne, ni ma na lura. Da ta zo kan masu zuwa a mota ta daɗe riƙe da fensir. Na ci gaba da tsince shinkafa. Ta rubuta sifirin da ƙarfi har bakin fensir ya karye. Sannan ta kwantar da kai a cinyata ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da muka dawo daga asibiti babu shi. Na bar ta ta yi mai isarta, ni ma na yi nawa. Da muka gama ta feƙe fensir ta ƙarasa sauran.

Tsohon kwalin kuma, hedimasta ya ce za a yi wa azuzuwa fenti, duk abin da ke bango a sauke. Na ce a ba ni. Na ɗauko shi a ka tun daga makaranta, ya fi faɗin ƙofar shagon mai aski, iska na neman kwashe ni da shi. Mai gyaran keke na tsokana ta wai Maman 'yan biyu an koma sayar da marfi, nawa ne dozin? Na ce wannan ya fi ƙarfin aljihunka. Na kafa shi da ƙusa a ɗakinmu, saitin gado. Na san ka ce kada a bar komai nasa a fili. Yana fili.

Jiya Yaya ta zo da jaka babba wadda za a zuba kayan Lauya, da mai mota yana jira a bakin layi. Na tare ta da fara'a, na shimfiɗa mata tabarma. Ta ce ba zama ta zo yi ba, umarnin ƙaninta ta zo cikawa. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki na ce, "Yaya, na ba da ɗaya don ba ni da yadda zan yi. Wannan ina da yadda zan yi."

Ta ce na yi taurin kai, ta ce za ta gaya maka, na ce na riga ta. Ta leƙa ta kafaɗata ta hango kwalin, ta tambaya mene ne wannan tarkacen. Lauya ce ta fito ta yi mata bayani, layi-layi, har ta kai kan jan marfin. Yaya ta goge ido da bakin mayafi, ta ce ƙurar fulawarmu ce, ta ɗauki jakarta yadda ta zo da ita. Ba na jin haushinta, ita ma ɗanta ne.

In har yanzu kana so a tafi da Lauya, kada ka sake aiko kowa. Ka zo da kanka, ka tsaya gaban kwalin nan, ka gaya mata da bakinka.

Ina yi maka addu'a kullum, ko ina fushi.

Matarka,
Maman 'yan biyu

*

Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan idon ya yi sauƙi. Dogo ya kawo 'yar takardarka. Na karanta ta har na haddace, ba wuya tunda kalma biyu ce: "Ta zauna." Na gode. Ya kuma kawo firam ɗin ƙarfen da ka ƙera. Ba ka tambaye ni girman kwalin ba, don haka ya fi shi tsawo da kamar tafin hannu, amma mun sa shi a haka. Lauya ta ce waldar kusurwa ɗaya ta karkace, in gaya maka.

An yi jarrabawa, ta wuce aji biyar. Tambaya ɗaya ta faɗi a lissafi, kuma har yanzu tana gardama cewa tambayar ce ba ta fito da kyau ba. Rabin lemo kuwa tana ajiyewa wani lokaci, wani lokaci ta manta ta cinye. Ran da ta ajiye ba na magana, ran da ta cinye ma ba na magana.

Na san abin da ya hana ka zuwa ba aiki ba ne. Kai ka ɗauke shi a kafaɗa zuwa asibiti, kai ka dawo da takalmansa a hannu. Kowa da yadda yake ɗaukar nasa, ban ce nawa ya fi naka ba. Amma gudun ya isa haka.

Shekaranjiya muna shan shayi Lauya ta ɗauko fensir ta ce za ta yi lissafin gidanmu. Ta ce mu huɗu ne, wannan lambar ƙasa ce kuma ba mai taɓa ta. Waɗanda ke kwana a gidan nan biyu ne. Biyu bisa huɗu. Ta ce, "Mama, rabin gida ne mu."

Na ce haka ne. Ta ce ɗaya ba zai dawo ba, ta riga ta rubuta sifirinsa. Amma ɗayan, ta ce, ba ta ga dalilin da zai sa a ba shi sifiri ba, tunda akwai mota duk ranar Juma'a daga wurin aikinku.

Ni ban iya lissafi kamar ta ba, amma na duba ban ga kuskure ba. Uku bisa huɗu shi ne iyakar abin da za mu iya samu yanzu, kuma ba zan yarda da ƙasa da haka ba. Kofinka na nan na wanke. Ka zo ka gyara kusurwar nan da ta karkace.

Matarka mai jiran ka,
Maman 'yan biyu